Daga Legas zuwa Ɗanzomo: yadda gwajin ƙanjamau ya iso ƙasar Gumel

Sunan da Bahaushe ya raɗa wa cutar ya nuna lokacin da ya fara ganin ta. Ƙanjamau daga ƙanjamewa yake, wato ramar da kan bayyana bayan ƙwayar cutar ta shafe shekaru tana cin garkuwar jiki a ɓoye. Maƙwabtanmu na Damagaram suka ari sunan Faransanci suka ce sida. Mu kuwa ƙarshen ciwon muka sa wa suna, domin a wancan zamani ƙarshen kaɗai ake iya gani. Mutum ya dawo daga ci-rani, ya kwanta da zawo da tari, ya rame, a ce sammu ne ko iska, a kai shi makwanci ba tare da kowa ya san abin da ya bar wa iyalinsa ba.

Likitocin Amurka suka fara ba da rahoton ciwon a 1981, masu bincike a Faransa suka gano ƙwayar a 1983. Nijeriya ta sanar da nata masu ɗauke da ita na farko a 1986, a Legas. Ƙasar Gumel tana cikin Jihar Kano a lokacin, don sai 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. A shekarar ne aka fara ƙidayar cutar ta hanyar gwada jinin mata masu zuwa awon ciki, aka samu kashi 1.8 cikin ɗari a faɗin ƙasa. Zuwa 2001 adadin ya kai 5.8. Tsakanin waɗannan shekaru gwamnatocin soja ba su tsinana abin kirki ba, jama'a kuma suka ɗauki batun a matsayin ciwon Turawa ko na 'yan bariki. Abin da ya girgiza mutane shi ne rasuwar mawaƙi Fela Kuti a Agustan 1997, da yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito fili ya faɗi abin da ya kashe shi.

Duk wanda ya san yankin ya san ba a rufe yake ba. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana tara fatake daga Nijar da direbobin manyan motoci masu kai shanu Kudu, samarin Sule Tankarkar da Gagarawa kuma kan bazu birane da zarar an kammala girbi. Amma ɗora laifi a kan baƙo da matafiyi ya ɓoye hanyoyin da ke cikin gida: askar wanzami guda a kan yara da dama ranar kaciya, allurar da mai kemis ya sake amfani da ita, ƙarin jinin da ba a tantance ba, da auren bazawara ko na mijin da matarsa ta rasu ba a san dalili ba. A gidan da ke da kishiyoyi, mutum ɗaya ya isa.

Akwai kuma rashin yarda, wanda yake da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200, sha ɗaya suka rasu, shari'a ta ɗauki shekaru. Da aka zo 2003, Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna bisa jita-jitar cewa an zuba masa maganin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau. Jita-jitar ƙarya ce, an koma rigakafin a 2004, amma ma'aikacin lafiyar da ya zo ƙauye yana neman ɗigon jini ya tarar da tabon. Kuma tambayar da ake yi masa mai nauyi ce: in an gwada an samu, sai me?

Amsar wannan tambaya ita ce ta sauya tarihin. Tun 1996 aka nuna a taron Vancouver cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar, sai dai kuɗinsa na dubban daloli ne a shekara. A Afrilun 2001 Shugaba Obasanjo ya karɓi baƙuncin shugabannin Afirka a Abuja, inda suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafinsu ga lafiya, alkawarin da Nijeriya ba ta cika ba. A 2002 gwamnati ta fara raba maganin da aka sayo mai rahusa daga Indiya, da burin manya 10,000 da yara 5,000, a cibiyoyi 25 kacal, majiyyaci yana biyan Naira 1,000 a wata. Ga mutumin Ɗanzomo, wannan na nufin kuɗin mota zuwa Kano duk wata, da ƙirƙiro dalilin tafiya da zai gaya wa maƙwabta. Kuɗin shirin PEPFAR na Amurka, wanda Shugaba Bush ya sanar a 2003, da na Asusun Duniya, su suka sauko da aikin zuwa manyan asibitocin jihohi, a 2006 kuma aka mayar da maganin kyauta.

Gwajin kansa ya ƙanƙance. Abin da a da sai ɗakin bincike, yau ɗigo ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin mintoci ashirin ko ƙasa. Yana da iyaka guda da ya kamata a sani: wanda ya kamu cikin 'yan makonnin da suka wuce zai iya fitowa ba ya ɗauke da ita, don haka ake cewa a sake bayan wata uku. Daga 2016 aka daina jiran jiki ya raunana, duk wanda aka samu sai a ɗora shi kan magani nan take, yawanci ƙwaya ɗaya a rana. Wanda ya dage har ƙwayar ta daina bayyana a awon jininsa ba ya shafa wa abokin zamansa. Mai ciki da ba ta sha magani ba tana iya ba jaririnta a kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari, da magani kuwa abin yakan sauka ƙasa da 5.

A Arewa ta ƙofar aure gwajin ya samu karɓuwa. Hukumar Hisba ta Kano ta sa shi sharaɗi a auren zawarawa da ta fara a 2012, malamai suka kafa masa hujja da wajabcin kare rai, a Mayun 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure. Tsarin ya ceci mata da yawa, amma yana da aibi. A ƙaramin gari, takardar da waliyyai da liman suka gani ta daina zama sirri, auren da ya fasa bayan gwaji kuma sanarwa ce. Dokar hana tsangwama ta 2014 tana nan a rubuce, da wuya dai ta hana mata gudun abincin wata a gidan biki.

Babban binciken 2018, wanda aka bi gida-gida, ya nuna kashi 1.4 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya, Jigawa da Katsina suna can ƙasa, a kan kashi 0.3. Abin godiya ne, sai dai a jihar da ke da miliyoyin jama'a wannan dubban rayuka ne, kuma inda masu cutar ba su da yawa nan ɓuya ta fi tsanani. Macen da ta haihu a gida ba ta taɓa zuwa awo ba, ba ta cikin lissafin kowane asibiti.

A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙetare, aka wargaza hukumar USAID. Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 don sayen magani, majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. A Yunin shekarar Amurka ta amince da lenacapavir, allurar kariya sau biyu a shekara, wadda aka yi alkawarin samarwa a kan dala 40 daga 2027. Wanda ya fara shan magani kuwa ba ya dainawa, don in ya tsaya ƙwayar takan farfaɗo cikin makonni, wani lokaci har ta daina jin maganin da ya saba sha.