Daidaiton Sinadarai da Takin Yuriya a Gonakin Mazanya

Akwai haɗin sinadarai da ke tafiya gaba kuma ya dawo baya: abubuwa biyu su haɗu su samar da na uku, shi kuma ya riƙa wargajewa yana komawa asalinsa. Idan saurin haɗuwar ya zo daidai da saurin wargajewar, masana kan ce an samu daidaito. A shekarar 1884 wani masani ɗan ƙasar Faransa, Henri Le Chatelier, ya bayyana cewa idan aka ƙara yawan ɗaya daga cikin sinadaran, haɗin zai karkata domin ya cinye ƙarin. Idan kuwa aka ɗebe, zai karkata domin ya cike gurbin.

Da wannan ƙa'ida masana'antu ke haɗa naitirojin da haidirojin su samar da amoniya, wadda da ita ake yin yuriya. Sukan sanyaya amoniyar ta zama ruwa su janye ta, sai haɗin ya ci gaba da samar da wata. A Jamus aka fara wannan aiki a 1913.

Abin da ya shafi manoman Mazanya da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Jibiya shi ne, ƙa'idar tana aiki a gona ma, amma a nan asara take jawowa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Da zarar takin ya narke a danshi, yakan rikiɗe ya zama amoniyam, wanda shuka ke amfana da shi, tare da amoniya, wadda iska ce. Su biyun suna cikin daidaito. Idan an bar takin a saman ƙasa, iska ta kwashe amoniyar, sai wani amoniyam ya rikiɗe ya cike gurbinta, shi ma a kwashe. Haka abin zai yi ta tafiya na kwanaki, manomi bai ga komai ba. Ƙasar jigawa, wadda ba ta riƙe amoniyam sosai, da zafin rana, suna ƙara tsananta asarar. Toka da kanwa su ma suna karkatar da haɗin wajen amoniya, don haka kuskure ne a gauraya su da yuriya.

Saboda haka ana shawartar manoman gero da dawa da su tona ɗan rami a gefen shuka, su zuba takin su rufe da ƙasa. Manoman rani na madatsar ruwan Jibiya kuwa su yi ban ruwa da zarar sun zuba, domin takin ya nutse. Ana buƙatar masu unguwanni da malaman gona su isar da wannan bayani kafin lokacin zuba taki.