'YAN KURA: TARIHIN TUFAR DA TA KAI SUNAN KANO BAYAN HAMADA

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. A yau idan aka ambaci garin Kura, abin da zai fara faɗo wa mutum a rai shi ne shinkafa da tumatir da noman rani. Haka ma Bunkure da Kadawa. Idan kuwa aka ce Kumbotso, sai a tuna da masana'antun Challawa. Kaɗan ne daga cikin matasanmu masu koyon ɗinki da tsara tufafi suka san cewa wannan yanki da ke kudu da birnin Kano ya taɓa zama cibiyar kasuwancin sutura wadda kayanta ke ratsa hamada a bayan raƙuma. A wannan maƙala za mu dubi yadda sana'ar ta bunƙasa, da abin da ya durƙusar da ita, da kuma darasin da ke cikinta ga mai ɗinki da mai saye.

Bunƙasar rini a ƙarni na 19

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano, domin marinar Ƙofar Mata ma ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Amma haɓakar da ta sa aka san Kano a duniya ta zo ne bayan jihadin 1804, lokacin da ƙasashen Hausa suka haɗu ƙarƙashin Daular Sakkwato, kasuwa ta faɗaɗa, masaƙa da marina da fatake suka yi ta ƙaura zuwa ƙasar Kano saboda zaman lafiyarta. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ya ce ana samun su a Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu.

Abin lura shi ne, yawancin wannan aiki a ƙauyuka da garuruwan karkara ake yin sa. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a 1975 a kan wannan sana'a, kuma binciken nasa ya nuna cewa a ƙarshen ƙarni na 19 akwai karofi tsakanin 15,000 zuwa 20,000 a masarautar Kano, da marina kimanin 50,000. Yawan su ne ya sa sarauta ta ɗora musu haraji na musamman, wato kuɗin karofi. Daga cikin dalilan wannan bunƙasa akwai laso, wani irin siminti da ake haɗawa da ƙonannen katsi da gashin dabba da dafara. Da shi aka samu damar gina rami mai zurfi wanda ba ya tsiyaya, ya maye gurbin manyan tukwanen da ake rini a cikinsu a da, kuɗin rina kowane ƙyalle ya ragu.

Yadda ake yin ɗan Kura

Kafin turkuɗi ya isa kasuwa sai ya bi ta hannaye da yawa. Manomi ya noma auduga da baba. Mata a cikin gida su gurje audugar, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙwarya siririya wadda faɗinta bai wuce ɗan yatsa ko biyu ba, maɗinki ya harhaɗa ƙore masu yawa da allura su zama zane ko rawani guda. Daga nan sai marini ya karɓa. A cikin karofi ana zuba baba da toka da katsi, a bar su kwanaki ana motsawa har ruwan ya nuna. Idan aka tsoma ƙyalle aka fito da shi, da fari kore-kore yake, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi. A tsoma, a shanya, a sake tsomawa, har ya yi baƙi wuluk.

Aikin da ya fito da sunan Kura shi ne na ƙarshe, wato bugu. Masu bugu kan shimfiɗa ƙyallen a kan gungume, su barbaɗa masa shuni da ɗan kitse, su yi ta dukansa da manyan sanduna har ya riƙa ƙyalli kamar ƙarfe. Wannan shi ne ɗan Kura. Ba za mu rufe wannan babi ba sai mun faɗi cewa wani kaso mai yawa na audugar da baban, bayi ne suka noma su a gandayen sarakuna da attajirai. Duk mai alfahari da ƙyallin turkuɗi ya kamata ya san da wannan gumi.

Mai saye a bayan hamada

Manyan masu sayen ɗan Kura su ne Buzaye, musamman na ƙasar Azbin. A wurinsu rawanin da ke rufe kai da fuska alama ce ta cikar namiji da mutunci, kuma shunin da ke zuba a fatarsu abin so ne, har Turawa suka riƙa kiran su shuɗɗan mutane. Ayarinsu kan sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da tufafi.

A nan ne muke ganin darasi na farko. Mutanen Kura ba su riƙa yin abin da suka ga dama suna jiran mai tsautsayi ya saya ba. Sun san faɗin ƙwaryar da Buzu yake so, da yawanta a rawani, da irin ƙyallin da zai sa ya kwance bakin jakarsa. Shi ma Buzun ya san kaya. Yakan ƙirga ƙore, ya murza, ya sansana, kuma yana iya biyan kuɗi mai tsoka a kan rawani guda idan ya tabbata na Kura ne. Ashe abin da ake koya wa ɗalibai yau a kan sanin kasuwa da kare sunan kaya, kakanninmu sun yi shi ba tare da allo ko takarda ba.

Abubuwan da suka karya sana'ar

Ba dare ɗaya Allah ya yi bature ba, haka ma faɗuwar marina. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, a 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso, ta kawo akoko da sauran yadin Manchester a farashi mai sauƙi, ta juya akalar ciniki daga hamada zuwa bakin teku. Manoma da yawa suka koma gyaɗa. Duk da haka ɗan Kura ya jure fiye da sauran tufafin gargajiya, saboda babu injin da ya iya kwaikwayon bugunsa yadda Buzu zai yarda.

Bugun da ya fi yi masa illa shi ne farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, waɗanda suka halaka dabbobin Buzaye. Wanda ya rasa raƙumansa ba ya maganar rawani mai tsada. A daidai wannan lokaci ne gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala a 1974, aka jawo ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Noman rani ya kawo arziki na gaske, ba mai musun haka, amma ɗan marini da ya ga abin da kadada guda ta shinkafa ke bayarwa, da wuya ya koma bakin karofi.

Masaƙun zamani da suka biyo baya, tun daga na Kaduna da aka buɗe a 1957 har zuwa na Bompai da Sharaɗa da Challawa, sun ɗauki dubban ma'aikata. Su ma abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, a 1997 kuma aka ɗage haramcin shigo da yadi. Atamfar Sin da ta fasa-ƙwauri suka cika Kantin Kwari, gwanjo ya cika Ƙofar Wambai. A 2015 marinan Kano sun yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki suna kukan cewa rinannen yadi daga Sin yana raba su da abincinsu.

Ina mai saye ya tsaya?

Yana da sauƙi mu ɗora laifi a kan gwamnati da baƙin 'yan kasuwa, kuma suna da nasu kason. Amma mu masu saye fa? Mun san karin maganar da ke cewa araha ba ta ado, sai dai talauci ya sa mun yi mata kunnen uwar shegu. Uba mai haɗa lefe ko kayan sallar yara shida ba zai ƙi turmi mai sauƙi ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, ko mai kuɗin ma ya daina sanin kaya. Lamba muke saye. Idan an manna sunan Holan ko na Getzner a gefen yadi, shi ke nan, sai an wanke sau biyu a ga ya koɗe. Buzun da bai shiga aji ba ya fi mu iya kare kuɗinsa.

Kammalawa

Ba muna kira ne a rufe gonakin shinkafa a koma karofi ba. Kiranmu ga ɗalibai masu koyon tsara tufafi shi ne, kafin su kwafo salon Dubai ko na Legas, su taka zuwa Kura da Ƙofar Mata su zauna da dattawan da suka rage a wannan sana'a, su koyi haɗin baba da sirrin bugu, su gwada su a kan hula da gyale da jaka da rigar da matashin yau zai sa. Ga 'yan'uwanmu marubuta kuma, labarin marini da mai bugu da matar da ta kaɗa zaren lefenta yana nan yana jiran mai rubutawa, kuma masu ba da shi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Idan muka yi sakaci har na ƙarshensu ya kwanta dama, jikokinmu sai sun je gidajen tarihi na Landan da Faris kafin su ga abin da aka buga a Kura. Allah Ya sa mu farga.