Dabarar da Aka Zana a Jikin Jarida

A shekarun 1920, amfilifaya ta addabi injiniyoyin tarho a Amurka: tana ƙara wa murya ƙarfi, tana kuma gurɓata ta. Ranar 2 ga Agusta, 1927, Harold Black na Bell Labs yana cikin jirgin fito a Kogin Hudson sai dabara ta faɗo masa, ya zana ta a jikin jarida. Wai a ɗebi kaɗan daga sautin da ya fito, a juya shi, a mayar ciki. Ƙarfi zai ragu, gurɓatar ma ta ragu sosai. Sai 1937 aka yi masa rajistarta!

Kukan nan "wiii" idan makirfo ya kusanci lasifika, sautin ne ya koma ba a juya shi ba. Matsar da makirfon.