Storting: Sunan da Nowe Ta Tono Daga Tarihinta

Mutum biyar ne ke zaɓen wanda za a bai wa kyautar Nobel ta zaman lafiya, kuma majalisar dokokin ƙasar Nowe ce ke naɗa su. Sunan wannan majalisa Storting. Kalmomi biyu aka haɗa: “stor”, wato babba, da “ting”, wato taro.

Kalmar “ting” ta girmi majalisar da ɗaruruwan shekaru. A zamanin da, taro ne na maza ’yantattu a fili, inda ake sasanta rikicin gona, a yanke diyyar kisa, a karanto doka da ka. Yammacin ƙasar yana da Gulating, yankin Trøndelag yana da Frostating. Da tafiya ta yi nisa, ma’anar ta gangaro daga taron zuwa maganar da ake tattaunawa a cikinsa, daga nan zuwa kowane irin abu. Shi ya sa a yau “ting” ke nufin abu a harshen Nowe, kamar ’yar’uwarta “thing” a Turanci.

Sunan majalisar ya kafu ne a 1814. Nowe ta shafe fiye da shekara 400 a haɗe da Danmak, ana juya akalarta daga Kwapanhagan. A watan Janairun shekarar, a yarjejeniyar Kiel, sarkin Danmak ya miƙa ta ga Suwidin ba tare da an ji ta bakin mutanenta ba. Sai wakilai 112 suka taru a Eidsvoll suka tsara kundin tsarin mulkin da ke ɗauke da kwanan wata 17 ga Mayu.

Da harshen Danmak suka rubuta shi, kuma sun ɗebo tunani daga Amurka da Faransa. Amma da aka zo raɗa wa majalisa suna, sai suka koma ga kalmar kakanninsu. Da’awa ce a cikin suna: mutanen ƙasar nan suna yi wa kansu doka tun kafin sarakunan waje.

Suwidin ta yi galaba a gajeren yaƙin da ya biyo baya, Nowe ta karɓi sarki ɗaya da ita, amma majalisar ta tsira da sunanta da ikonta. Ita ce kuma, ranar 7 ga Yunin 1905, ta ayyana cewa haɗin gwiwa da Suwidin ya ƙare.