Tarihin katin biya a gidajen gem

Katin biya na gidan gem ɗan katin roba ne da mai wasa ke zuba wa kuɗi a wurin mai karɓar kuɗi, sannan ya goga shi ko ya ɗora shi a jikin na'ura, ta cire kuɗin wasa ɗaya. Shi ne ya gaji kwandalar ƙarfe da aka daɗe ana jefawa a bakin na'ura. Galibi ana cewa neman sauƙi ne ya kawo shi, amma tarihinsa ya fi nuna cewa batun farashi ne.

Sana'ar da tsabar kuɗi ta fara. A 1972 kamfanin Atari ya ajiye na'urar Pong a wata mashaya da ke Sunnyvale a Kalifoniya, kuma ba a jima ba ta tsaya cak, aka buɗe aka tarar akwatin kuɗinta ya cika maƙil. Santi 25 ake biya kowane wasa, domin ƙarfen da ke aljihun Ba'amurke ke nan. Daga baya gidaje irin su Chuck E. Cheese, wanda Nolan Bushnell ya buɗe a San Jose a 1977, suka buga kwandalarsu ta tagulla mai tambarin gida. Ta rage sata, tun da ba ta sayen komai a waje, kuma ta ba mai gida damar yin gyara ga wanda ya saya da yawa. Sai dai kwandala ba ta rabuwa biyu. Lokacin da wasan Dragon's Lair ya fito a 1983 masu shi suna son ƙarin kuɗi, farashinsa santi 50 ya zama, wato ninki. Tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu babu matsaya.

Wannan ƙullin ne kati ya kwance. Kamfanin Sacoa na Ajantina yana cikin waɗanda suka fara amfani da shi a shekarun 1990, Dave & Buster's na Amurka ya fito da nasa mai suna Power Card, Chuck E. Cheese kuma ya soma janye kwandalarsa wajen 2016. Lamba kawai katin ke ɗauke da ita, lissafin kuɗin yana cikin kwamfutar gidan. Saboda haka manaja na iya sauya farashin na'ura ɗari daga kujerarsa: ya tsuga wa sabon wasa kuɗi, ya karyar da na tsoho, ya yi rabin farashi ranar Laraba da kasuwa ba ta ci, ko ma ya sayar da mintuna a maimakon ƙidayar wasa.

Wani zai ce wahalar ƙarfe ce ta kore shi: ga maƙalewa a bakin na'ura, ga kwasa da ƙirga kowane dare, ga ma'aikaci mai dogon hannu. Duk gaskiya ne, amma an yi shekara da shekaru ana jure wannan, kuma sanya wa kowace na'ura abin karanta kati ba araha ba ne. Japan ta fi fito da abin fili. Can yen 100 ake biya tun zamanin wasan Space Invaders na 1978, kuma haka aka ci gaba ana ƙorafi. Kamfanin Konami ya kawo kuɗin lantarki na PASELI a 2010. Da harajin saye ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 8 cikin ɗari a Afrilun 2014, masu gidaje suka rasa yadda za su ɗora ƙarin a kan ƙarfe guda, sai ga kamfanin Taito a 2015 ya fara karɓar katunan jirgin ƙasa irin su Suica.

Akwai kuma masu cewa mai wasa ma ya ci riba, ya huta da aljihu mai nauyi. Ya huta, amma ya yi asarar ma'auni. Yaron da ke riƙe da kwandala goma yana jin raguwarsu a tafin hannunsa. Mai kati kuwa maki yake gani, wanda sai ya zauna da lissafi kafin ya san dala nawa ne. Sau da yawa kuma ɗan saura kan rage a katin, bai isa wasa ba, sai an ƙara zubi. Ƙananan wurare masu tsofaffin na'urori, irin su Barcade da aka buɗe a Brooklyn a 2004, sun daɗe suna riƙe da ƙarfe, domin jefa shi da jin ƙarar faɗuwarsa na cikin abin da masu zuwa can ke nema.