Daga ina yafiyar jarrabawar ICAN ta samo asali?

'Yan uwa masu karatun akanta, tun da muka shiga mastas nake jin gardama ɗaya a aji: wai wanda aka yafe wa wasu takardun ICAN ba cikakken akanta ba ne, ta taga ya shigo. To mu ɗan koma baya mu ga ko haka ne.

A zamanin Turawa, wanda ke son zama ƙwararren akanta sai ya tafi Ingila ya zauna a ƙarƙashin wani gwani, yana aiki yana rubuta jarrabawa, shekara 5 cur. Amma mai digiri shekara 3 yake yi. Akintola Williams ya gama digirinsa na kasuwanci a Jami'ar Landan a 1946, ya zama ƙwararren akanta a 1949, ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan matsayi. Kun ga ke nan sassauci ga mai digiri ya girmi ICAN kanta, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965.

Mu a Arewa hanyarmu daban ce. Lissafinmu a baitulmalin En'e ya girma, hannun ma'aji da malamansa, irin waɗanda suka riƙe littattafan haraji da jangali na masarautar Fika a nan Potiskum. Makarantar horar da ma'aikata ta Kongo a Zariya ce ta riƙa koyar da irinsu, kafin ta shiga cikin ABU a 1962. Mutane ne da suka iya aiki, amma ba su da takardar Ingila. (Ko marigayi Adamu Ciroma, ɗan garin nan da ya riƙe Babban Banki da ma'aikatar kuɗi, tarihi ya karanta a Ibadan.)

Da jami'o'i da kwalejojin kimiyya suka yawaita, sai tambaya ta taso: wanda ya yi shekara huɗu yana karanta lissafin kuɗi, sai ya koma ya fara daga baƙi? Ƙorafin cewa ƙofar ICAN ta yi ƙunci na cikin abin da ya haifi ANAN a 1979, wadda ta samu dokarta a 1993. Ita kwaleji ta buɗe kusa da Jos, mai digiri ko HND ya je ya yi horo ya rubuta jarrabawarta. ICAN kuma ta riƙa zuwa makarantu tana duba manhaja da malamai. In ta amince da sashen, ɗalibansa su tsallake matakin farko cikin matakai uku, wasu har da wani ɓangare na matakin tsakiya. Masu ATSWA ma suna samun nasu rangwamen. ACCA ta Ingila na yafe har takardu 9 cikin 13, amma ba ta taɓa na ƙarshen.

Ni dai ra'ayina, a karɓa. Sai dai ba kyauta ba ce, kuɗi ake biya kan takardun da aka ɗauke maka, kuma amincewar ta makarantarka ce a shekarar da ka gama, ba ta sunan digirinka ba. Ko daga Damaturu ka fito, ko Gashuwa, ko Maiduguri, ka tambaya tun kafin ka tura kobo. Mu da iyayenmu ke sayar da sa a kara ko su fitar daga kuɗin mota don karatunmu, ba mu da rarar yin kuskure a nan.

Sannan jarrabawar aka yafe, karatun yana nan. Tambayoyin matakin ƙarshe a kan rahoton kuɗin kamfanoni da haraji da odit, sun ɗauka kana riƙe da abin da ke ƙasa. Wanda ya gama digiri bara, ya karɓi duk abin da aka ba shi. Wanda kuwa ya yi shekara shida yana koyarwa ko zaman shago bai buɗe littafi ba, dokokin haraji sun sauya ya bar su a baya, wallahi gara ya nemi tambayoyin baya na takardun da za a yafe masa, ya sa agogo ya gwada kansa. In ya ga bai kai maki 50 ba, ya ware wata biyu ko uku ya bi littattafan nan kafin ya yi rajistar mataki na gaba.