Sitiyari da Maleji: Abin da Tsohuwar Mota ke Faɗa a kan Tarihi

A wannan ƴar takarda za mu duba abubuwa biyu da ke gaban direba a cikin tsofaffin motoci, wato sitiyari da agogon da ke nuna gudu, wanda direbobi ke kira maleji. Mai nazarin tarihi yana iya karanta su kamar yadda yake karanta tsohuwar wasiƙa, domin suna nuna ƙasar da aka ƙera motar dominta da irin dokar da ta tarar a kan hanya.

Mu fara da ƙa'ida. A ƙasar da motoci ke bin hannun hagu na titi, kamar Ingila da Japan, ana sa sitiyari a dama. Inda ake bin hannun dama, kamar Faransa da Amurka, sitiyari yana hagu. Dalili shi ne direba ya zauna ta wajen tsakiyar hanya, ya hango mai zuwa kafin ya wuce motar da ke gabansa. Ingila ta sa bin hagu cikin dokar hanyoyi ta 1835, tun zamanin keken doki, ta kuma kai wannan al'ada ƙasashen da ta mallaka. Faransa ta kai tata. Haka ma'aunin nisa: Faransawa ne suka ƙirƙiro mita da kilomita a shekarun 1790, Ingilishi kuwa suka riƙe mil, har yau ma da shi suke rubuta allunan hanyoyinsu. Mil ɗaya ya yi kilomita 1.609.

Sai dai ɗalibi ya yi hattara, domin wannan ƙa'ida ba ta kama motocin farko ba. Yawancin motocin Amurka na farkon ƙarni na 20 sitiyarinsu a dama yake, ko da yake hannun dama ake bi a can. Ford Model T ta 1908 ce ta yaɗa sitiyarin hagu saboda yawan da aka sayar. A Faransa, motocin Bugatti na kafin Yaƙin Duniya na Biyu a dama ake tuƙa su, kuma malejinsu na kilomita ne. A Suwidin an daɗe ana bin hagu da motoci masu sitiyarin hagu, har ranar 3 ga Satumba 1967 da ƙasar ta koma dama. Saboda haka sitiyari shi kaɗai ba ya isa shaida, sai an haɗa shi da maleji. Motar Ingila irin MG ko Jaguar mai sitiyarin hagu da malejin mil, galibi don kasuwar Amurka aka yi ta. In sitiyarin hagu ne da kilomita, to ta nufi Faransa ko Jamus ko makamantansu. Sitiyarin dama da kilomita kuwa yana kai mu Japan, ko Ostareliya bayan 1974, shekarar da ta mai da allunan hanyoyinta kilomita.

Wannan zance ya shafi Hausawa fiye da yadda ake zato, domin iyakar da ta raba tsarin biyu ta bi ta tsakiyar ƙasar Hausa. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai fi kilomita 90 ba. Amma kafin 1972, direban da ya ɗauko kaya daga Katsina yana bin hagu har ya wuce Jibiya, da ya tsallaka iyaka ya nufi Ɗan Isa sai ya koma dama. Haka abin yake tsakanin Illela da Birnin Ƙwanni, haka tsakanin Daura da Damagaram. Kuma ba ƙaramar zirga-zirga ake yi ba, tun da gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta daɗe tana bin wannan hanya zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano. A kwatanta direban babbar mota Bedford mai sitiyarin dama a kan titin Nijar: yana zaune ta gefen daji, ba ya ganin abin da ke zuwa in wata mota ta tare masa gaba, sai yaron mota ya leƙa ya ce masa ya shiga ko ya dakata. Fitilunsa ma an saita su ne don su karkata hagu, watau cikin idon mai zuwa.

Maleji kuma da nasa tarkon. Allo ya ce 50, yana nufin kilomita. Direba ya dubi allurarsa ta mil ya tsayar da ita a kan 50, alhali gudun kilomita 80 yake yi cikin gari. Mai sayen mota ma yana iya ruɗuwa, domin motar da lambobinta suka nuna 60,000 da mil ta ci kusan kilomita 97,000. Ga shi tsofaffin agogunan gida biyar ne kawai gare su, in sun kai 99,999 sai su koma sifiri, tsohuwa ta zama amarya.

Ƙasashen da Ingila ta mallaka a wannan yanki, kewaye da maƙwabta masu bin dama, sun sauya ɗaya bayan ɗaya. Yammacin Kamaru ya sauya a 1961 da ya haɗe da gabashi, Gambiya a 1965, Saliyo a 1971. Nijeriya ta yi nata canjin hannu ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon. Sudan ta biyo a 1973, Gana kuma ranar 4 ga Agusta 1974, ita ma Lahadi, ranar da hanya ba ta cika ba. A ganina ciniki ne ya tilasta wannan sauyi, ba son kwaikwayon Faransa ba, domin ɗan kasuwa ba ya son a ce motarsa ta zama baƙuwa bayan tafiyar awa ɗaya. A cikin shekarun nan ne kuma Nijeriya ta bar fam da sule ta kama naira da kwabo, ranar 1 ga Janairu 1973, ta kuma shiga barin mil da yadi da galan.

Doka tana sauyawa dare ɗaya, motoci kuwa sai sun tsufa. Waɗanda aka saya kafin 1972 sun ci gaba da yawo da sitiyarin dama a kan hannun dama, wasu kuma makanikai suka mayar musu da sitiyarin hagu, suka bar malejin mil yadda yake. Duk wanda ya ga irin wannan mota, ya duba ramin da aka toshe a gaban kujerar fasinja, zai ga inda sandar sitiyari ta bi a da. Peugeot 404 kuwa, wadda mutane ke ce wa Fijo, ta fito a 1960 kuma an yi ta iri biyu, don haka ta Kano da ta Maraɗi suna iya zama shekara ɗaya, launi ɗaya, amma direbobinsu ba gefe ɗaya suke zama ba. Da masana'antar harhaɗa Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, an riga an gama da wannan bambanci.

Ga ɗalibin harshe, abin lura shi ne yadda mil ya bar sawunsa a bakin Hausawa. Kalmar maleji daga Ingilishi aka aro ta, kuma asalinta ƙidayar mil take nufi. Yau allurar kilomita take nunawa, amma ba wanda ya sake mata suna. Har salon magana ta haifa: in an ce wane ya ƙure maleji, ana nufin ya kai iyakar abin da zai iya, ko a gudu, ko a ado, ko a rashin kunya. A Kano kuma akwai unguwar Mil Tara a kan hanyar Katsina, wadda gari ya riga ya haɗiye, kuma yaran motar haya suna kiran sunanta kullum ba tare da sun san nisan da ake nufi ya kai kusan kilomita 14 da rabi ba.